Lambun buhu a Bompai: abin da ganye ya sha, shi muke ci

A ƙarshen watan Mayun 2024 Umma ta aike mu cefanen miya kasuwar 'Yankaba, ta ba mu kuɗin da ta saba bayarwa. Muka dawo da tumatir ƙwaya bakwai a ƙasan leda, biyu ma sun fara ruɓewa, da ɗan attaruhun da za a iya ƙirgawa da yatsu. Ta leƙa ledar, ta ɗago ta kalle mu, ta ce, "To, ina canjina?" Babu canji. Duk wanda ya shiga kasuwa a wancan lokacin zai ba mu gaskiya, domin a shekarar ce tumatir ya yi tsadar da ta mayar da gidaje da yawa kan busasshe da na gwangwani.

A daren nan mu yaran gidan, mu uku, muka yanke shawarar sai mun noma namu. Gidanmu na haya ne a bayan Bompai ta ɓangaren Dakata, tsakar gidan duk siminti, babu ko taku ɗaya na ƙasa. Amma akwai tsofaffin buhunan shinkafa, akwai bokitai masu yoyo, akwai kuma wayar da ake kallon YouTube. Mun ɗauka an gama. Ashe ko farawa ba a yi ba.

Bazararsu ba tamu ba ce

Karatu da jarrabawa suka ja mu, ba mu zuba iri ba sai a watan Maris na shekarar da ta biyo. Ba mu ga laifin hakan ba, domin duk bidiyon da muka kalla, daga Ingila ko Amurka, cewa suke yi Maris da Afrilu ne lokacin fara lambu. Gaskiyarsu ce, amma a ƙasarsu. A can watannin nan ne sanyi ke ja da baya, ƙasa ta fara ɗumi, bishiyoyi su yi toho. Littattafan makaranta kuma suka fassara mana sunan wannan lokaci nasu da "bazara", sai muka ɗauka abu ɗaya ne.

Bazarar Kano kuwa kowa ya san ta. A watan Afrilu zafi kan kai digiri 40, dare ma ba ya sanyi. Tumatir ba ya jure wannan: idan zafin rana ya haura kamar digiri 35, furensa ba ya ɗaurewa, sai ya bushe ya zube. Abin da ya same mu ke nan. Tumatirinmu ya yi tsawo har ƙugu, ya yi fure rawaya gwanin sha'awa, kullum da safe kuma mu share furen a ƙasa. Ƙwaya huɗu muka cira a buhu shida. Latas kuwa sai ya miƙe sama ya fid da kai, ganyensa ya yi ɗaci kamar maɗaci, ko akuyar maƙwabta ba ta kula shi ba.

Da mun tambayi kowane mai lambu da ya faɗa mana a kyauta. Lokacin tumatir da latas da kabeji da karas a nan shi ne sanyi. Ana zuba iri daga ɗaukewar ruwa, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, a yi dashe bayan mako uku zuwa huɗu, a fara ɗiba daga Janairu. Shi ya sa a Janairu da Fabrairu kwandunan Kadawa da Kura da Garun Malam ke cika kasuwa har tumatir ya rasa mai saye, sannan daga Mayu ya zama kayan gabas. Bazara tana da nata amfanin: alayyahu, rama, yakuwa, lalo, kuɓewa da zogale. Waɗannan zafi ba ya ba su tsoro muddin suna samun ruwa. Alayyahu ma cikin mako huɗu zuwa biyar ya isa yanka.

Wannan kuskuren asarar iri kawai ya jawo mana, da dariyar Umma. Na biyun ne ya sa muka rubuta wannan.

Baƙar ƙasar bakin rafi

Da za mu sake gwadawa, sai muka ce matsalar daga ƙasa take, jar ƙasar da muka ɗebo a wurin gini ba ta da ƙarfi. Mun lura cewa a bakin rafin da ke gangarowa daga cikin Bompai ciyawa kore shar take ko a tsakiyar rani, ƙasar wurin baƙa ce wuluk, mai danshi. Muka ari baro da shebur muka nufi can. Mun cika buhu biyu ke nan sai wani dattijo da ke ban-ruwa a fangalinsa ya ajiye bokiti ya nufo mu.

"Samari, ina za ku kai wannan ƙasar?"

"Baba, shuka za mu yi a gida."

Ya yi shiru, sannan ya nuna mana ruwan da haɓa. Ran nan launinsa tsakanin shuɗi da baƙi yake, da kumfa a gefe, ga wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Ya ce, "'Ya'yana, wanda yake da zaɓi ba ya ɗibar ƙasa a nan. Mu da kuka gani, rashin wani wurin ne." Muka zazzage buhunan muka dawo da baro babu komai.

Wannan rafin shi ne Getsi. Shi ke kwashe ruwan da ke fitowa daga yankin masana'antu na Bompai da unguwannin da ke kewaye, ya je ya haɗu da kogin Jakara. Jakara kuwa daga cikin birni ta taso, ta ratsa ta gefen kasuwar Kurmi da Fagge da Sabon Gari, tana ɗauke da ruwan kwatocin gidaje da na mayanka da na garejin makanikai. Bayan sun haɗu sai su gangara zuwa madatsar ruwa ta Wasai a ƙaramar hukumar Minjibir. A tsawon wannan hanya, ta Kwakwaci da Gama har zuwa can ƙauyuka, fangalai ne jere: latas, alayyahu, kabeji, karas, lawashi. Ga wanda ya tsaya a kan gada ya hango, wurin ya fi ko'ina kyau a Kano lokacin rani.

A kudancin gari ma labarin haka yake. Bompai ce tsohuwar unguwar masana'antu tun zamanin Turawa, Sharaɗa da Challawa daga baya aka kafa su, kuma a can ne mafi yawan manyan kamfanonin jimar fata suke. Dagwalon Sharaɗa kan bi ta rafin Salanta, na Challawa kuma ya faɗa kogin Challawa, wanda ke haɗuwa da kogin Kano a wajen Tamburawa. Nan ma akwai masu noman rani a gaɓa.

Jima ba baƙuwar sana'a ba ce a Kano. Tun ɗaruruwan shekaru majema ke jeme fata da bagaruwa, ana tsallaka Sahara da ita har ta isa Turai, inda suka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta hannun Maroko take isa gare su. Amma bagaruwa 'ya'yan itace ce, ruwanta ƙasa na iya cinye shi. Jimar zamani da gishirin kuromiyam ake yinta, tare da farar ƙasa da sinadarin cire gashi, wanda shi ke ba da wannan wari na ruɓaɓɓen ƙwai. Ga kuma rini daga masaƙu, ga abin da ke fitowa daga wuraren sarrafa ƙarfe da batir da fenti. Masana'antu da yawa a Bompai sun rufe tun shekarun baya, wasu sun koma rumbunan ajiya, amma ƙarfen da ya kwanta a lakar rafi ba ya ruɓewa kamar ɓawon ayaba. Yana nan inda aka bar shi. Wannan lakar ce muka kusa kawowa tsakar gidanmu a baro.

Ba mu muka fara gano wannan ba. A shekarar 2003 wasu masana uku, Tony Binns da Roy Maconachie da Adamu Tanko na Jami'ar Bayero, sun wallafa bincike kan ruwa da ƙasa da lafiya a lambunan cikin Kano da kewayenta, suka nuna cewa gurɓatar ruwan da ake ban-ruwa da shi barazana ce ga manomi da mai ci. Mu da muke rubutun nan ba a ma haife mu ba a lokacin. Tun daga nan ɗalibai nawa ne suka ɗebi ruwan Getsi da na Challawa a kwalba don aikin kammala digiri? Sakamakon yana kan kanta a ɗakunan karatu, ruwan kuma yana kan hanyarsa.

Haɗarin iri biyu ne, kuma bai kamata a cakuɗa su ba. Na farko ƙwayoyin cuta ne daga ruwan kwata da bahaya: taifot, kwalara, gudawa da tsutsar ciki. Wannan a bayan ganye yake, shi ne kuma mai saurin kamu, musamman ga latas da kabeji da karas da ake ci ɗanye. Wanki mai kyau da ruwa mai tsabta yana rage shi sosai, dafuwa kuma tana kashe shi. Na biyu shi ne ƙarafa irin su dalma da kadmiyam. Waɗannan saiwa ce ke zuƙe su su shiga cikin jikin ganyen, don haka ko an wanke da gishiri sau goma, ko an tafasa, suna nan. Ganyayyaki irin su latas da alayyahu sun fi tara kadmiyam a kan masu 'ya'ya irin su tumatir da kuɓewa. Kuromiyam, duk da shi aka fi ambata, yawancinsa a saiwa da ƙasa yake tsayawa.

Matsalar ƙarfe ita ce ba ya nuna kansa yau ko gobe. Kadmiyam a ƙoda yake taruwa, shekara da shekaru. A ƙasar Japan, a yankin Toyama, manoma sun daɗe suna ban-ruwan shinkafa da kogin Jinzu wanda wata mahaƙar ma'adinai ke zuba wa dagwalo. Mutane, galibi mata manya, suka riƙa fama da ciwon ƙoda da laushin ƙashi mai tsananin raɗaɗi, har aka sa wa cutar suna itai-itai, daga kukan da masu ita ke yi. Sai a 1968 gwamnatin ƙasar ta amince a hukumance cewa kadmiyam ne sanadi. Dalma kuwa ba sai mun je Japan ba, mun ga abin da gubarta ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010. Can ta hanyar ƙurar dutsen zinare ta shiga, kuma yawanta ya wuce duk abin da ganye zai ɗauko, amma ta nuna mana wa take fara kamawa: ƙananan yara, a ƙwaƙwalwa.

A nan sai mu yi adalci. Ba duk kayan miyan da ke 'Yankaba ne suka sha ruwan Getsi ba, ko kusa. Mafi yawan tumatir da albasa da tattasai daga manyan wuraren noman rani suke zuwa, irin su Kadawa da ke shan ruwan madatsar Tiga, da wasu jihohin. Abin da aka fi nomawa a bakin gari shi ne ganyen da ba ya jure tafiya mai nisa. Sai dai idan ya hau faranti a kasuwa, babu tambarin da ke nuna daga ina ya fito. Sau da yawa ma na bakin rafin ya fi faɗin ganye da sheƙi, domin ruwan kwata cike yake da taki.

Kuma ba mu ga dalilin zagin mai lambu ba. Dattijon nan da ya hana mu ɗibar ƙasa ya fi mu sanin ruwan, ƙafarsa ce a ciki tun safe, kaushin hannunsa ma ya isa shaida. Ba shi ya zuba sinadarin ba. Doka ta ɗora wa kowace masana'anta ta tace dagwalonta kafin ta sake shi, akwai kuma hukumar NESREA da aka kafa a 2007 don tabbatar da bin irin waɗannan dokoki, ga Ma'aikatar Muhalli ta jiha. Shekara da shekaru ana maganar matatar dagwalo ta haɗin gwiwa ga Sharaɗa da Challawa da Bompai. Mu dai abin da idonmu ya gani da abin da hancinmu ya shaƙa a bakin Getsi shi muka faɗa. Idan aka kori masu lambu aka bar bututun yana zuba, an raba dubban mutane da abincinsu ne kawai, ruwan zai ci gaba da tafiya Wasai inda ake kamun kifi.

Yadda muke yi yanzu

Bayan wannan rana tambayarmu ta canza. Da muna tambayar wane iri ya fi, yanzu kafin komai ya shiga buhu sai mun san daga ina ya fito.

Ƙasa daga gonar kawunmu a ƙauye muka sa aka ɗoro mana a motar kasuwa, nesa da kwata da bola da bakin titi. Muna haɗa kashi biyu na ƙasa da kashi ɗaya na ruɓaɓɓen kashin awaki, mu ƙara ɗan yashi ko buntun shinkafa don kada ta dunƙule. A kula da kalmar "ruɓaɓɓe". Ɗanyen kashin kaji ƙona shuka yake, mun gwada mun gani. Sai an tara shi an riƙa yayyafa ruwa ana juyawa na wasu makonni, har zafinsa ya fita warin ya mutu. Takin bola kuwa mun haƙura da shi. Kakanninmu sun yi ta kai sharar birni gonakin kewayen Kano a kan jakuna, ƙasa ta yi albarka, amma sharar wancan zamani toka ce da kashin dabbobi da karan dawa. Ta yau akwai mataccen batir a ciki, da fasasshen ƙwan fitila da ƙonanniyar leda.

Mazubi ma abin dubawa ne, musamman a unguwa irin tamu. A nan ana samun shuɗayen durom da jarkoki na hannu da araha, da yawansu kuwa daga masana'antu suka fito, ba wanda zai gaya maka abin da suka taɓa ɗauka. Mu buhun shinkafa ko na masara muke amfani da shi. Mu naɗe bakinsa zuwa rabi, mu huda ƙasansa wuri biyar ko shida, mu ɗora a kan bulo don ruwa ya tsane kada ya lalata simintin mai gida. Buhu ɗaya tumatir ɗaya, ko kuɓewa biyu. Alayyahu irinsa ƙanana ne ƙwarai, sai a cuɗa da yashi a barbaɗa, in ya fito a rage.

Sai ruwa, wanda shi ne ainihin tsadar lambun gida a Kano. Famfonmu ya fi shekara bai kawo ba, daga 'yan garuwa muke saye. Buhu takwas suna shan jarka ɗaya mai lita 25 a yini lokacin sanyi, a bazara sai biyu, safe da yamma. Da saye za mu riƙa yi duka, da tuni Umma ta rufe lambun. Ƙanwarmu ce ta kawo dabarar: ta ajiye babban baho a wurin alwala. Gida mai mutum tara, sau biyar a rana, ba ƙaramin ruwa ba ne. Muka haɗa da ruwan wankin shinkafa da na kayan miya. Ruwan wanki da na wanke-wanke mai sabulu da maiƙo ba ya zuwa kusa da buhu, gishirin da ke cikin garin sabulu kashe ƙasa yake a hankali. Ga waɗanda ke da gajeriyar rijiya kusa da magudanar masana'anta, ƙa'idar da muka bi mai sauƙi ce: ruwan da ba za ka yarda ka dafa abinci da shi ba, kada ka ba wa abin da za ka ci.

Abokan gaba a tsakar gida ba su da yawa amma suna da naci. Ƙadangaru sun cinye mana dashen farko cikin yini biyu, sai da muka yi rumfa da tsohon gidan sauro. Kaji a ɗaure su ko a kewaye. Ƙananan ƙwarin da ke maƙalewa a bayan ganye muna fesa musu ruwan ganyen darbejiya da aka daka aka jiƙa ya kwana. Wanda ya fi ƙarfinmu shi ne tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta yi wa gonakin tumatir na Kano da Katsina da Kaduna kaca-kaca a 2016. Cikin ganye take shiga ta yi hanya fara-fara. Da mun ga alamarta sai mu tsinke ganyen mu ƙona. Maganin feshi na kanti ba mu kawo shi gidan da yara ke rarrafe ba.

Kada wani ya ce mun ruɗe shi: buhu takwas ba sa ciyar da gida. A sanyin da ya wuce tumatirinmu ya ba mu abin miyar 'yan kwanaki ne kawai, kuma a daidai lokacin da ya fi araha a kasuwa. In aka yi lissafin kuɗin mota da na ruwa, a shekarar farko faɗuwa muka yi. Ribar tana wurin ganye. Alayyahu da lalo da zogale suna ba mu na miya ko na kwaɗo sau biyu ko uku a mako, a yanka su sake tohowa. Latas ɗin da ƙannenmu ke ci ɗanye da ƙuli-ƙuli kuma yanzu mun san ruwan da ya sha tun yana ƙwayar iri. Wanda muka saya a kasuwa, in an rasa na gida, sai an ware shi ganye-ganye an wanke sau uku a ruwa mai tsabta, kabeji kuma a yar da ganyen waje.

Ga 'yan'uwa ɗalibai na sakandare da ke da lambun makaranta, ko malamin aikin gona ya ba ku fangali don jarrabawar gwaji, ku bi ruwan da kuke ban-ruwa da shi da ƙafa har ku ga inda ya fito. Idan makarantarku tana Bompai ko Sharaɗa ko Challawa, wannan tafiyar kaɗai ta isa aikin zango guda, ku zana taswirar magudanar, ku rubuta launin ruwan da warinsa a ranaku daban-daban, ku kai wa malami. Kada dai a sa hannu ko ƙafa a ciki.

Mun koma wurin dattijon sau ɗaya, muka kai masa ɗaurin alayyahunmu na farko. Ya juya shi a hannu, ya ce ganyen ƙanana ne, mun cika shi da yawa a buhu, mu riƙa ragewa tun yana sati biyu. Ya ba mu irin kuɓewa a ƙullin takarda, ya ce kada mu shuka sai mun jiƙa shi ya kwana. Makon jiya muka cire tsofaffin tumatir, muka ƙara taki, muka zuba kuɓewar a buhu uku. Biyu sun tsiro. Na ukun muna zargin ƙadangare.